Taare Zameen Par a Bakin Tafkin Kainji: Inda Fim Ɗin Ya Yi Daidai da Inda Ya Kauce

Idan kana cikin masu kallon fina-finan Indiya, da wuya a ce ba ka taɓa cin karo da Taare Zameen Par ba. Shi ne fim ɗin nan na Aamir Khan da ya fito a watan Disamba na 2007. Amole Gupte ne ya rubuta labarin, Darsheel Safary kuma ya fito a matsayin Ishaan, yaro ɗan shekara takwas da karatu da rubutu suka gagara. Na san ƙarti masu taurin zuciya da suka riƙa share hawaye a ɓoye suna kallonsa. Ni ma na share nawa, sai dai dalilina daban ne.

A Yauri na yi firamare. Akwai wani yaro da muka yi aji ɗaya da shi, ɗan masunta ne daga wata tunga a bakin ruwa. Gunganci ake yi a gidansu, Hausa kuwa a kasuwa da wajen wasa ya tsince ta. Har muka kai aji huɗu bai iya haɗa baƙi da wasali ba. A lokacin akwai wata al'ada: idan aka yi wa yaro tambaya ya kasa, wanda ya ba da amsa daidai shi zai tashi ya yi masa ranƙwashi. Ni ne na fi kowa ɗaga hannu a ajin, saboda haka ni na fi kowa ranƙwashin kansa. Sunansa na gaskiya ma ya ɓace, kowa Daƙiƙi yake ce masa. Bai gama aji biyar ba ya koma ruwa.

Da na kalli fim ɗin bayan shekaru, shi na riƙa gani. Kwanan nan na sake kallonsa, wannan karon bayan na ɗan karanta abin da masu bincike suka gano game da yadda ƙwaƙwalwa ke koyon karatu. Abin da na fito da shi ke nan, mai karatu: fim ɗin ya yi wa yara irin ɗan ajinmu babban alheri, amma ya bar mu da fahimta uku da ba daidai ba, kuma a wuri irin namu ukun nan suna iya jawo a sake barin yaron a baya.

Tukuna, me ake nufi da ƙwaƙwalwa ta daban?

A ƙarshen shekarun 1990 wata masaniyar zamantakewa 'yar Ostireliya, Judy Singer, tana cikin waɗanda suka yaɗa wani tunani: kamar yadda mutane suka bambanta a tsayi da launi, haka ƙwaƙwalensu suka bambanta a yadda suke sarrafa sauti da hankali da mu'amala. A ƙarƙashin wannan inuwa ake sa masu galahanga, da masu matsalar tattara hankali da yawan kiriniya, da masu disleksiya, wato wahalar koyon karatu da rubutu wadda ba daga rashin basira ko rashin koyarwa ta samo asali ba. Disleksiya ita ce abin da ke damun Ishaan.

Ba sabon abu ba ne. Wani likitan ido Bajamushe, Rudolf Berlin, shi ya ƙirƙiri sunan a shekarun 1880. A 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya ba da rahoton wani yaro ɗan shekara 14 mai kaifin basira a magana da wasa, amma rubutu ya zame masa dutse. Ƙiyasin da aka fi ambata a yau shi ne yara 5 zuwa 10 cikin 100, gwargwadon inda aka ja layin awo. Ka ƙaddara aji mai yara 80. Ka ga huɗu zuwa takwas ke nan. Kuma abin yana bin dangi.

Inda fim ɗin ya yi daidai

Babban abin da fim ɗin ya yi shi ne ya ajiye kyamara a tsayin yaro. Kafin a ce mana komai game da matsalarsa, an nuna mana shi a tsugune bakin kwata yana kamun 'yan ƙananan kifaye, duniya ta ɓace masa. An nuna mana yadda ya amsa tambayar 3 sau 9 a jarrabawa, inda a cikin kansa duniyoyi biyu ne suka yi karo, ya rubuta 3. Malami ya ga shirme, mu kuwa mun ga hanyar da tunanin ya bi. Duk wanda ya kalli wannan zai yi wuya ya sake cewa yaro daƙiƙi ne ba tare da ya ɗan tsaya ba.

Na biyu, ya nuna yadda rashin ji yake zama garkuwa. Ishaan ya gwammace a ce masa fitinanne da a ce ya kasa. Wannan gaskiya ce da kowane malamin firamare ya sani ko da bai taɓa faɗa ba. Yaron da ya fi kowa neman izinin fitsari lokacin karatu, ko wanda kullum littafinsa ya ɓata, ko mai sa aji dariya da zarar an miƙa masa alli, sau da yawa gudun kunya yake yi.

Na uku, ya nuna cewa horo ba ya gyara wannan. Da iyayen Ishaan suka tura shi makarantar kwana don a ladabtar da shi, ya daina faɗa, ya daina magana, ya daina zanen da yake so. A idon makaranta ya shiryu, alhali kuwa karyewa ya yi. A 2016 Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor sun tattara binciken da aka yi kan yara sama da 160,000, ba su sami shaidar cewa duka yana gyara hali ba, sai ma alaƙarsa da ƙarin matsaloli. Balle kuma a ce dukan ne zai haɗa wa ƙwaƙwalwa baƙi da sauti.

Kuskure na farko: haruffa masu rawa

Abin da kowa ke tunawa a fim ɗin shi ne haruffa suna rawa a kan takarda, da kuma littafin Ishaan cike da b a wurin d. Wannan ya yi kyau a talabijin, amma ya sa mutane suna ɗaukar disleksiya matsalar ido ce. Tunanin yana da tarihi, don a 1925 wani likitan ƙwaƙwalwa Ba'amurke, Samuel Orton, ya ɗora bayaninsa a kan juya haruffa. Binciken da ya biyo baya ya nuna tushen yana wani wuri. A 2009 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka da takwarorinta na likitocin ido sun fitar da matsaya cewa disleksiya ba cutar gani ba ce, kuma atisayen ido ko tabarau mai launi ba maganinta ba ne.

Juya harafi kuwa kusan kowane yaro yana yi har wajen shekara bakwai. Dalilin yana da ban sha'awa. Kwale-kwale, ko gabas ya fuskanta ko yamma, kwale-kwale ne, kuma haka ƙwaƙwalwa ta saba ganin duniya. Rana ɗaya sai aka ce mata b idan ya juya baya ya zama d. Dole ta warware wata tsohuwar ɗabi'a, kamar yadda Stanislas Dehaene ya yi bayani a littafinsa na 2009 kan karatu da ƙwaƙwalwa. Yanzu ka duba yaronmu. Shi ba b da d kaɗai aka ba shi ba, har da ɓ da ɗ, 'yan huɗu masu kama da juna. Da asuba ko da yamma kuma yana makarantar allo yana bin rubutu daga dama zuwa hagu, da hantsi yana boko daga hagu zuwa dama. Idan muka bi fim ɗin, rabin aji ɗaya za mu ce suna da disleksiya.

Ainihin matsalar tana wajen rarrabe sautukan da ke cikin kalma. Kana iya gwadawa ba tare da alli ko takarda ba. Ka ce wa yaro: karfasa, cire “kar”, me ya rage? Fasa. Ka ce masa: gura, sa “k” a wurin “g”. Kura. Yawancin yaran da suka yi shekara ɗaya ko biyu ana koya musu haruffa za su cafke wannan kamar wasa. Mai disleksiya zai tsaya yana lalube, ko da kuwa ya fi ka sanin karfasa da gura. Kunnensa lafiya, idonsa lafiya, amma tsinka kalma gunduwa-gunduwa da ɗaura kowace gunduwa a kan harafi yana ci masa ƙarfi ninkin na sauran.

A nan harshen da ake koyarwa da shi yake shigowa, abin da fim ɗin bai taɓo ba. A 2001 Eraldo Paulesu da abokan aikinsa sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu disleksiya a Ingila da Faransa da Italiya. Sun tarar da raunin aiki iri ɗaya a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, amma 'yan Italiya sun fi karatu daidai, don rubutunsu yana bin furuci. Ingilishi kuwa ka sani, a rubuta k a farkon knife a ce kada ka furta. Rubutun Hausa na boko ya fi kusa da na Italiya, duk da cewa ba ya nuna tsayin wasali da karin sauti, shi ya sa gari na zama da gari na tuwo suke fitowa iri ɗaya. Abin da nake hasashe daga wannan shi ne, mai disleksiya a Hausa zai fi bayyana ta hanyar jinkiri da gajiya a karatu, ba ta yawan kuskure ba. Malamin da ke jiran ya ga haruffa a juye zai wuce shi bai gan shi ba.

Kuskure na biyu: sai ka zama gwani kafin a ji tausayinka

Ka tuna darasin da malam Nikumbh, wato Aamir Khan, ya jero wa yara sunayen manyan mutanen da aka ce sun yi fama da karatu, irin su Einstein da Leonardo da Vinci da Edison. Darasi ne mai daɗi, amma babu wanda ya gwada waɗannan mutane a lokacin rayuwarsu, kuma takardun makarantar Einstein ba su nuna yaron da karatu ya gagara ba. Daga nan labarin ya miƙe zuwa gasar zane, Ishaan ya zo na ɗaya, kowa ya tashi yana tafi, uba ya fashe da kuka.

To, da Ishaan bai iya zane ba fa? Da yaro ne kawai kamar kowa, mai son ƙwallo da rake, wanda karatu ke ba wahala? Fim ɗin ya soki iyaye masu son ɗansu ya zo na ɗaya, sannan ya kammala da ɗan nasu ya zo na ɗaya a wani fagen. Ashe sharaɗin yana nan, wuri kawai ya sauya. A ilimance disleksiya tana samun mai kaifin basira, tana samun matsakaici, tana samun na ƙasa. A da sai an ga tazara tsakanin makin gwajin basirar yaro da karatunsa kafin a yarda yana da ita, amma kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka na 2013 ya jefar da wannan sharaɗi.

Ni kaina na faɗa wannan rami. Da na fara ba da labarin ɗan ajinmu, nakan ƙawata shi: ai ya iya jefa birgi tun yana ƙarami, ya iya ɗinkin taru, ya san inda tarwaɗa ke kwana. Duk gaskiya ne, amma haka kusan kowane yaron tunga yake. Ina neman in mai da shi gwani ne don in nuna bai cancanci ranƙwashi ba, alhali ko da bai iya komai ba bai cancanta ba.

Akwai kuma wadda ba a nuna ba sam. Binciken Sally Shaywitz na 1990 a jihar Connecticut ta Amurka ya gano cewa makarantu suna tura yara maza gwaji fiye da mata nesa ba kusa ba, amma da aka gwada kowa, sai tazarar ta zama kaɗan. Namiji yana tayar da ƙura, a gan shi. Yarinya takan yi shiru a bayan aji tana motsa baki tare da sauran, har ranar da za a ce ai wance ba ta da kan boko, gara ta ɗauki talla.

Kuskure na uku: jiran malami guda mai ceto

Wannan shi ne ya fi damuna. A fim ɗin Ishaan shi kaɗai ne ya kasa a cikin aji mai karatu, saboda haka ya fito fili. Sai ga malami ya faɗo, wanda shi ma ya yi fama da matsalar yana yaro, yana kuma da lokacin da zai yi doguwar tafiya ya ga iyaye, ya zauna da yaro ɗaya kullum. Cikin waƙa guda an gama gyara.

Mu dawo gida. Masarautar Yauri ta ƙunshi ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya ci tsibirai da garuruwa, aka tayar da mutane sama da 40,000, cikinsu har da Gungawa da yawa da suka bar gungunansu. A yau daga Yelwa zuwa Wara za ka ji Hausa da Gunganci da Kambarci da Dukkanci da Fulatanci, ga Shangawa da Lopawa. Yaro zai zo aji ɗaya da harshen gida, a yi masa bayani da Hausa, a ba shi littafi da jarrabawa da Ingilishi. Idan ɗan masunta ne, yakan bi iyayensa inda kifi ya yi, ya ɓace makonni. Gwamnati ta san da wannan, don hukumar ilimin makiyaya da aka kafa a 1989 an haɗa mata har da 'ya'yan masunta masu ƙaura.

A 2022 Bankin Duniya da abokan aikinsa sun ƙiyasta cewa yara 89 cikin 100 'yan shekara goma a Afirka kudu da Sahara ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimta. A irin wannan aji, ta yaya za ka tsamo mai disleksiya? Kifi ne a cikin ruwa mai laka. Kuma abubuwa da dama suna kama da ita: kunne mai ruwa da ya rage ji, ido da ke buƙatar tabarau, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, tsargiya da ƙarancin jini, yunwar safe. Inda ake niƙa dutsen zinariya a cikin gida kuma akwai fargabar gubar dalma, wadda ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010, ta bar wasu da raunin ƙwaƙwalwa. Shi ya sa ba zan rantse maka cewa ɗan ajinmu disleksiya gare shi ba. Babu wanda ya duba kunnensa, babu wanda ya taɓa gwada koya masa da Gunganci.

Ƙwararrun ilimin masu buƙata ta musamman akwai su. Kwalejin horar da malamai ta tarayya da ke Oyo tana wannan aiki tun 1977, akwai sassa a jami'o'in Bayero da Jos da Ibadan, kuma an sa hannu kan dokar hana nuna wariya ga masu nakasa a Janairun 2019. Amma idan sai irin Nikumbh ya sauka a kowace tunga, za mu daɗe muna jira.

To me ya rage a hannunmu?

Abin daɗin shi ne, koyarwar da ta fi taimakon mai disleksiya ita ce kuma ta fi taimakon kowane yaro: a bi sauti ɗaya-ɗaya, a ɗaura shi kan harafinsa, a haɗa gaɓa, a maimaita kullum, da harshen da yaro yake ji. A kan haka aka gina littattafan Mu Karanta da aka yi amfani da su a Sakkwato da Bauci. Daga Indiyar nan ma akwai darasin da ya fi na fim ɗin amfani gare mu, wato tsarin ƙungiyar Pratham na raba yara gwargwadon inda karatunsu ya kai maimakon shekaru ko aji, na awa ɗaya ko biyu a rana. Idan aka yi wa aji duka irin wannan na zango biyu, yawanci za su motsa. 'Yan kaɗan da suka tsaya cak duk da suna zuwa kullum, su ne za a duba wa kunne da ido, sannan a ƙara musu lokaci a ƙaramin rukuni. Ka ga koyarwar ce da kanta ta zama rariya. Rubutu a kan yashi da Nikumbh ya yi da Ishaan ba laifi, yashi kuwa ba mu rasa shi a bakin Kuwara ba, amma abin da ke aiki shi ne tsari da naci na watanni da shekaru, kuma yawanci jinkirin karatun ba ya tafiya gaba ɗaya.

Gaggawa tana da dalili. Keith Stanovich ya yi bayani a 1986 cewa yaron da ya iya karatu da wuri yana ƙara karantawa, yana ƙara tara kalmomi, wanda ya makara kuwa yana gudun littafi, tazarar tana faɗaɗa kowace shekara. Abin da za a iya gyarawa da sauƙi a aji biyu, a aji shida ya zama aiki ja.

Saboda haka ka kalli fim ɗin, ka nuna wa malamai da iyaye, don har yanzu ban san wani fim da ya kai shi karya kalmar daƙiƙi ba. Amma idan an gama, ka ƙara musu da cewa ba rawar haruffa za su nema ba, kuma kada su jira yaro ya nuna wata baiwa kafin su sauke bulala.

A hutun da ya wuce na haɗu da ɗan ajinmu a bakin ruwa ranar kasuwa. Yana da jirgi mai inji, yana ɗaukar fasinja da buhunan albasa. Duk harkarsa ta waya da saƙon murya yake yi a WhatsApp. Na ce masa ya yafe mini ranƙwashin nan. Ya yi dariya ya ce, “Malam, ai hannunka akwai zafi.” Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce babban ɗansa yana aji biyu, kuma malaminsu ya fara cewa kan ubansa ya ɗauko. Ya tambaye ni ko akwai abin da za a yi.

Washegari na je tungar. Na zaunar da yaron a gindin jirgi na ce masa: karfasa, cire “kar”. Ya daɗe yana kallon ruwa bai ce komai ba. Na faɗa wa uban cewa wannan kaɗai bai isa a yanke hukunci ba, a fara kai shi asibiti a duba kunne da ido. Kafin nan muka share yashi, muka fara da harafi biyar.